Kuɗin Nunin Shanu da Gonar Tsamiya

Babana mutum ne da in ya ce maka gobe, to ka ajiye a ranka gobe ce. Duk Dudunni an san shi da haka, har in mutum biyu suka yi ciniki ba su gama yarda da juna ba, wurinsa suke kai ajiya. Na taso ina jin ana yabonsa ina hura hanci kamar ni ake yabo. Sai da na girma na ga abin da halin kirki ke iya ci wa gida, domin a kan idona muka rasa gonar tsamiya, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa kamar jiya aka yi.

Gonar ta kakanmu ce, tana gabas da gari, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiyarta. Akwai wani dattijon Bafillace maƙwabcinmu da muke kira Baffa, shi ke zaunar da shanunsa a cikinta duk rani tun kafin a haife ni, saboda haka ƙasarta ta ƙoshi da taki, ta yi baƙi wuluk. Ko a shekarun farin nan da gonakin mutane suka ƙi, ita ta ba mu dawar da ta kai mu damina. Sauran gonakinmu jigawa ce zalla, in ka zuba musu wahala su saka maka da kara. Abincin gidanmu dai daga gindin tsamiyar nan yake fitowa.

Abin ya faru ne a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa. An bar fam da sule an koma naira da kwabo, sababbin babura sun cika hanyar Kano zuwa Katsina, rediyo kuma kullum da alkawarin da za ta karanto. Wanda bai ga lokacin ba zai ce mutanenmu wawaye ne, amma ba haka ba ne. Abubuwan da ba a taɓa mafarkinsu ba suna faruwa da gaske a lokacin. An kawo takin zamani kusan kyauta, mun gani. An gina azuzuwa a ƙauyukan da ko allon bango ba su taɓa gani ba. Don haka in wani ya zo ya ce za a raba shanu, ba wanda zai yi masa dariya. Ni a lokacin sabon malamin firamare ne a Kankia, ina hawa kekena in je gida ƙarshen mako.

Bayan girbi sai ga wasu mutum biyu sun sauka a Kankia da farar mota mai lasifika a kai. Suka riƙa bin kasuwanni, Kankia da Kusada har Tafashiya, suna shelar wani babban nunin shanu da amfanin gona da za a yi a filin bayan tasha. Duk manomin da ya biya kuɗin rajista zai kawo dabbarsa ko damin hatsinsa a gwada, in an tashi kuma za a ba kowane mai rajista shanun huɗa biyu da garma, ya riƙa biya sannu a hankali. Ba su taɓa cewa daga gwamnati suke ba, amma sun iya ambaton Kaduna ta yadda kai da kanka za ka ƙarasa musu maganar. Fari kuwa ya riga ya cinye shanun huɗar mutane, kowa na noma da hannu yana tsaki.

A ƙasarmu ba a tambayar baƙo takarda, mai masaukinsa ake kallo. Su kuwa sun sauka ne a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa mai babban shago kusa da tasha, mutum mai jama'a, wanda ba a rasa shi a sahun gaba. Suka ce a shagonsa za a riƙa biya. Da jin haka sai hankalin kowa ya kwanta. Mutanen Dudunni ba su ga dalilin da kowa zai taka zuwa Kankia ba alhali ga Baba, sai suka tara kuɗinsu a hannunsa. Mata suka sayar da awaki don su yi wa 'ya'yansu rajista, Fulani suka fitar da maruƙa kasuwa, Baba ma ya sa nasa.

Ranar kasuwar Kankia ya zo da Baffa, suka biyo ta masaukina muka tafi shagon mu uku. Baƙin sun fita shela, Alhaji muka tarar. Baba ya kwance ƙullin kuɗin daga wani shuɗin ƙyalle, Alhaji ya lasa yatsa ya ƙirga, ya zuba a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburinsa, ya miƙo mana katuna masu hoton bijimi, ba suna ba sa hannu. Na ce ko zai ɗan rubuta mana cewa ya karɓa. Alhaji ya yi dariya ya ce 'yan boko ko uwarsu ta ba su fura sai sun nemi rasit. Mazauna bakin shagon suka taya shi. Baba ya yi mini kallon da tun ina yaro na san ma'anarsa, na ja bakina.

An kafa turaku a filin kam, an yi rumfunan zana, har da 'yan tutoci. Ranar da aka sa, mutane suka koro shanu tun da sassafe, an wanke su an goge musu ƙaho da mai, aka yini a rana. Da la'asar aka ce babban baƙon da zai buɗe taro bai samu zuwa ba, an ɗaga sai bayan Salla. Bayan Salla aka sake korowa, wannan karon ko motar babu. Awaki suka cinye zanar, turakun kuma suka bi mata zuwa murhu ɗaya bayan ɗaya. Har yau ba zan iya cewa ga gaskiyar mutanen nan ba, ko tun farko 'yan damfara ne, ko kuwa sun ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu ne suka tsere don kunya. Wasu sun ce an gan su suna irin wannan shela a wani gari, wasu sun ce hatsari suka yi a hanyar Zariya. Ko wanne ne, kuɗi dai sun yi ɓatan dabo.

Ba wanda ya zo ya ɗaga wa Baba murya. Da ma a ce sun yi, da ya fi sauƙi. Sai dai a zo a gaishe shi a zaure, a yi zancen sanyi da tsadar gishiri, a yi shiru, a tashi. Wata tsohuwa da ta sayar da akuyarta ɗaya tilo ta riƙa zuwa tana taya Inna sussuka, ba ta taɓa ambaton akuyar ba. Baba ya daina cin abincin kirki. Ranar nan ya shirya ya tafi Kusada wurin wani mai sayen hatsi ya karɓo kuɗi a kan gonar tsamiya. Mutumin ya ce shi ba ya son jingina mai jan lokaci, saboda haka suka yi magana gaban shaidu: in kuɗi suka dawo kafin ruwan shuka ya sauka Baba ya karɓi gonarsa, in ba su dawo ba ta zama ciniki. Ya dawo ya bi gida gida ya mayar wa kowa abinsa.

Sai da aka gama na ji. Na yi faɗa iyakar abin da ɗa zai iya yi wa uba ba tare da ya zama abin nuni a gari ba. Na ce masa shi ɗan aike ne, amana ce ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu shari'ar da ta ɗora masa biya. Na jawo liman ma ya faɗa masa haka. Ya saurare mu duka har muka gaji.

“Hannuna sunka ba,” in ji shi, “ba hannun Alhaji ba.”

Daga ranar na san ba ni da wani aiki sai na ƙwato kuɗin nan kafin damina. Abin da nake da shi, har in na haɗa da keken, bai kai rubu'insu ba, don haka wurin Alhaji kaɗai za su fito.

Muka fara da sulhu, domin a wurinmu wanda ya tsallake dattawa ya kai ƙara ya zama marar kunya ko da shi aka zalunta. Dagaci ya haɗa mutane suka je suka sami Alhaji. Ya shimfiɗa musu darduma, ya kawo goro, ya riga su kuka. Ya ce ai shi aka fi cuta, baƙin nan sun ci tuwonsa wata da watanni, sun sha man motarsu a kansa, sun tafi ba ko sallama. Da aka zo kan kuɗin Dudunni sai ya murje ido ya ce shi hannunsa bai taɓa kwabon kowa ba, baƙin ne ke karɓar abinsu da kansu, shi masauki kawai ya bayar saboda Allah. Yana faɗa yana jan tasbaha. Dattawa suka dawo suka ce a yi haƙuri a sake komawa in ya huce, kamar shi aka yi wa laifi. Aka yi ta jeka-ka-dawo har sanyi ya wuce.

Na gaji na tafi wurin 'yan sanda. Wanda na tarar mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya saurare ni. Ya ce ba ni ne na farko ba, kuma an aika neman mutanen. Amma ya ce in sani, ko an kama su ɗauri za a yi musu, ɗauri kuwa ba ya dawo da kuɗin da aka riga aka cinye. Game da Alhaji ya ce saukar baƙo ba laifi ba ne, katin bijimi kuma bai ce ga wanda ya karɓa ba. In muna da shaidu, mu kai ƙarar neman haƙƙi. Na fito ina jin haushinsa, abin da ya ƙara mini haushin kuwa shi ne ban sami inda ya yi ƙarya ba.

Wani abokin karatuna ya haɗa ni da lauya a Katsina. Na shiga mota na je, na zauna a benci har ƙafata ta yi sanyi, sannan aka shigar da ni. Ya tambayi sunan kamfanin, na faɗa masa wanda ake kira a lasifika. Ya tambayi adireshi, na ce motar ce adireshinsu. Ya ce to mu manta da kamfani, ba a kai ƙarar wanda ba a san inda za a kai masa sammaci ba, Alhaji za mu kama tunda shi ya karɓa. Hanya biyu ce, in ji shi. Ko mu shigar a babbar kotu shi ya tsaya mana, amma kada in sa rai da hukunci kafin damina biyu, ga kuɗin aikinsa. Ko kuwa mu je gaban alƙali a Kankia, inda abu ke sauri, sai dai a wancan zamanin lauya ba ya tsayawa a can, bakinmu ne zai fisshe mu. Na biya shi abin da ya girgiza albashina na wata, na dawo da shawarar da mai shayin tasha ya riga ya ba ni kyauta.

Sai kuma aikin shawo kan Baba, wanda bai taɓa taka ƙofar kotu ba ko don kallo. Ni na yi magana har bakina ya bushe bai motsa ba. Inna ce ta yi maganinsa. Ba ta yi masa dogon zance ba, ta dai kira shi ya leƙa rumbu, ta tambaye shi abin da za a zuba a ciki baɗi. Washegari ya ce in je in yanko sammaci.

A lokacin bazara ta kankama. Zafi ya yi zafi, gabas ta fara haɗa gajimare da yamma. Duk garin ana roƙon ruwa, ni kaɗai nake ɗaga kai sama ina fatan ya dakata, ina kuma jin kunyar fatan nawa. Zaman farko Alhaji ya aiko cewa yana Kano ɗaukar kaya. Zama na biyu aka ce zazzaɓi ya kwantar da shi, ko da yake na gan shi da idona a bakin shago yana cinikin buhun sukari. Sai da alƙali ya aika masa da kakkausar magana sannan ya bayyana, cikin babbar riga fara ƙal, da ƙaninsa a bayansa.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, ba ya katse mutum. Baba ya faɗi nasa a taƙaice, Alhaji ya musa a tsawaice. Aka ce a kawo shaidu. Na miƙe da ƙarfina, domin wata da watanni ina jiran wannan rana, na shirya maganata tsaf tun daga shuɗin ƙyalle har lasar yatsa. Alƙali ya tambayi mene ne tsakanina da mai ƙara. Na ce mahaifina ne. Ya ce in zauna, shari'a ba ta karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Na ce ai da idona na gani. Ya ce bai ce ban gani ba. Na buɗe baki zan ƙara, muhuti, wato malamin da ke zaune gefen alƙali yana taimaka masa, ya nuna mini tabarma da alƙalaminsa. Na zauna kamar in fashe. Mazauna bakin shago kuwa da suka yi mini dariyar rasit, duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce ranar idonsa na wani wuri.

Saura Baffa. Ya tsaya da sandarsa ya faɗi komai, Hausarsa na karkacewa amma maganarsa a miƙe. Alhaji ya yi tsalle ya ce ai wannan yana cikin masu kuɗin, kansa yake yi wa shaida. Alƙali ya tambayi Baffa ko yana bin wani bashi a cikin maganar. Baffa ya ce shi an biya shi tun da sanyi, ko an ci ko an faɗi ba abin da zai shiga aljihunsa. Alƙali ya gyaɗa kai, ya sa aka kira mutum biyu da suka san shi suka tabbatar ba a taɓa jin sa da ƙarya ba. A karon farko na ji biyan da Baba ya yi ya amfane mu da wani abu.

Sai alƙali ya juyo ga Baba ya yi masa bayani dalla-dalla. A maganar dukiya, in mai ƙara yana da shaida ɗaya adili, sai ya cika da rantsuwa a ba shi haƙƙinsa. Ya ce ya je ya yi alwala ya zo ya riƙe Alƙur'ani ya rantse cewa ya damƙa wa Alhaji kuɗin, shi kuma ya yanke hukunci yau ɗin nan. Na fara lissafin yadda gobe za mu yi sammako zuwa Kusada.

Baba bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

“Allah shi gafarta Malam, ban iyawa.”

Alƙali ya tambaye shi ko yana da shakka ne a kan abin da ya faɗa. Ya ce ko ɗaya. Alƙali ya ce to rantsuwa a kan gaskiya ba zunubi ba ce, shari'a ce da kanta ta shimfiɗa wannan hanya don kada haƙƙin mutane ya salwanta. Baba ya ce ya ji, ya kuma gode. Alƙali ya ce a je a yi azahar a dawo.

Abin da ba kowa zai gane ba yanzu shi ne, a wurin dattawan ƙasarmu na lokacin, mutumin kirki ba ya ɗaukar Alƙur'ani a kan abin duniya ko da gaskiyarsa ta fi rana fitowa. Na san da wannan, amma ban taɓa zaton zai bi mu har cikin kotu ba. A gindin bishiyar bedin da ke ƙofar kotun na durƙusa gabansa na roƙe shi. Na tuna masa rumbu, na tuna masa ƙannena, na ce malamin da ya fi mu sani ya halatta masa. Baffa ma ya sa baki, ya ce shi da ya baro shanunsa ya zo ya tsaya, a kan me ya tsaya ke nan.

“Malam,” haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi zolaya, “ubana bai taɓa ɗaukar Littahin Allah kan kuɗi ba, kakana ma haka. In na ɗauka yau, ko na ci, sunana wanda ya rantse don gona. Da wane ido za a sake kawo mani ajiya?”

Na ce da idon da za a kalli mai gona, domin marar gona ba a kai masa ajiya. Wannan ita ce magana mafi kaushi da na taɓa faɗa masa. Ya ɗauki buta ya tafi alwala.

Da aka koma ya sake cewa ba zai rantse ba. Alƙali ya ce to rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. In Alhaji ya rantse bai karɓa ba, ya kuɓuta. In ya ƙi, zai biya duka. Nan na ga abin da ya dawo mini da rai. Alhajin da ya yini yana zuba kamar rediyo ya yi tsit. Zufa ta keto masa har ta jiƙa wuyan farar rigar. Aka ce ya je ya yi alwala, ya fita ya daɗe kamar wanka yake yi. Na hango shi ta taga suna ƙus-ƙus da ƙaninsa, sai ƙanin ya hau babur ya nufi kasuwa, ya dawo da aljihun rigarsa a kumbure yana dafe da shi. Ko kuɗi ne ko goro, ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne mutumin da zai iya ƙarya gaban dagaci da tasbaha a hannu, ba lalle ne ya iya ta da Alƙur'ani a hannu ba, kuma duk wanda ke ɗakin ya ga haka.

Muhuti ya ɗauko Alƙur'anin cikin gafakarsa ya tsaya gaban Alhaji. Alhaji ya kalli gafakar, ya kalli ƙaninsa, hannunsa bai ɗago ba. Ni kuwa ina cewa a raina saura kaɗan, saura kaɗan.

Sai na ji motsi a gefena. Baba ne ya miƙe.

“Allah shi gafarta Malam, kada a ba shi. Na janye.”

Na kama gefen rigarsa, ya zame. Alƙali ya ajiye alƙalami ya ce masa ya zauna ya yi tunani, bai kamata ya yi gaggawa ba, mutumin nan bai rantse ba tukuna kuma ba a san abin da zai yi ba. Ya gaya masa in ya yafe da bakinsa a nan, ba shi da dawowa.

“Na sani,” in ji Baba. “In ya ɗauka, ƙarya za shi rantse, ni kuwa na kawo shi nan. Yana da ɗiya ƙanana. Ban son abin da za shi same su shi biyo ta hannuna.”

Alƙali ya sake tambayarsa, ya sake ba shi amsa ɗaya. Aka rubuta. Alhaji ya sulale ya zauna yana share fuska da hannun riga, ƙaninsa ya sauke hannu daga aljihu.

Da aka watse na bi muhuti na tambaye shi hanyar ɗaukaka ƙara. Ya dube ni da tausayi ya ce ɗaukaka ƙara ta wanda aka yanke wa hukunci bai gamsu ba ce, mahaifina kuwa ba a kayar da shi ba, shi ya ajiye kayansa da kansa. Na bi dattawa, na bi 'yan sanda, na bi lauya, na bi alƙali, kowa ya nuna mini iyakar ƙofarsa, ƙofa ɗaya da ta buɗe kuma ubana ne ya mayar da ita ya rufe. Na goyo shi a keke har Dudunni ban ce masa uffan ba. Shi kuwa yana ta gaisawa da mutanen hanya, har yana tambayar wani lafiyar jakinsa.

Bayan 'yan kwanaki ƙanin Alhaji ya zo da ƙwaryar goro, wai Alhaji na godiya. Baba ya karɓa ya raba a masallaci. Ya ajiye mini guda biyu farare, na bar su a kan taga har suka bushe. A gari kuwa sunansa ya ƙara tashi, ana ta ba da labarin mutumin da ya bar gonarsa don kada wani ya halaka. Masu ba da labarin duk da gonakinsu.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Juma'a da yamma, ina gida. Ruwa ne mai kyau, irin wanda manomi ke kwana yana murmushi. Da safe gari ya fashe, kowa da sungumi a kafaɗa. Na fito tsakar gida na tarar da Baba ya sa Inna ta sauko da buhun irin da take ratayewa a ɗakin girki don hayaƙi ya kore masa ƙwari. Irin dawar gonar tsamiya ne, wanda shi da kansa yake zaɓar manyan zangarku duk kaka tun zamanin kakanmu. Na ɗauka jigawa za mu kai shi, na ce masa ai ba zai yi a can ba, ƙasar ta yi masa rauni.

Ya ce ya sani. Ya ce mutumin Kusada ɗan kasuwa ne, bai san gonar ba, in aka bar shi zai zuba mata irin da ba nata ba ya ɓata shekara. Ya ɗora buhun a ka ya nufi gabas, wajen gonar tsamiya.

Inna ta koma ɗakin girki ta daɗe ba ta fito ba. Ni na ɗauki sungumi na tara ƙannena muka nufi jigawa da irin gero.